Tafiyarmu Yankari Ni da Uwargida: Wa Ya Jawo Muka Makara?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na kawo wata magana gaban wannan zaure ne domin a raba mana gardama, tunda mako biyu ke nan muna yin ta a gida ba ta ƙare ba. A tsakiyar watan Nuwamba ni da uwargida muka kai yara gidan Hajiyata, muka kama hanyar gandun dajin ƙasa na Yankari mu biyu kawai a 'yar motata, kuma a shekara 11 da aurenmu wannan ne karo na farko da muka yi tafiyar da ba ta biki ba ce, ba ta gaisuwar mutuwa ba. Lissafina shi ne mu bar Kano da an idar da sallar asuba, mu bi ta Wudil da Birnin Kudu, mu karya kwana a Babaldu mu nufi Ningi, mu shiga Bauchi kafin azahar, tunda tafiyar kilomita 300 ce ko da 'yan kai. Daga Bauchi zuwa sansanin Wikki, masaukin baƙi da ke cikin dajin, kuwa kimanin kilomita 110 ne, saboda haka na sa rai za mu riski fitar yamma ta kallon dabbobi, mu kwana biyu, mu zagaya dajin sau uku ko huɗu.

Ga yadda aka yi. Ba mu bar Kano ba sai ƙarfe 8, domin sallama da yara ta ƙi ƙarewa. Da muka isa Ningi ta ce ba za ta ratsa garin goggonta ba ta tsaya ba, gaisuwar da aka ce ta minti goma ta koma ta awa biyu har da tuwo. A Kafin Madaki ta ce sai ta leƙa wani tsohon gida da ta taɓa jin labarinsa a makaranta. Muka shiga Bauchi la'asar sakaliya, ni kuma na ce ba zan shiga daji da dare ba, muka kwana a can. Kwana ɗaya tak muka samu a Wikki, muka fita zagaye sau biyu, ba mu ga giwa ba sai kashinta da sawunta. Tambayata ita ce, wanda ya ɗauki niyyar zuwa wuri, ya dace ya riƙa tsaye-tsaye a hanya har abin da ya fito nema ya kuɓuce masa?

Direban Kano da Bauchi:
Wa alaikumus salam, Baban Hanifa. Shekara 14 ina bin wannan hanya da fasinja, kuma zan gaya maka gaskiya, lissafinka na takarda ne. Kilomita 300 a kan taswira ba ta san da shingen jami'an tsaro ba, ba ta san da ramin da zai sa ka koma giya biyu ba, ba ta kuma san da tirelar da za ka bi a baya tsawon minti ashirin kafin ka samu damar wucewa ba. Ni da na san kowane lanƙwasa nakan ba ta awa huɗu da rabi zuwa biyar. Ka yi sa'a ma ranar Asabar ka fita, da Juma'a ce da kasuwar Wudil kaɗai ta cinye maka awa guda. Inda na yaba maka shi ne kwanan Bauchi. Daga Dindima, inda ake barin titin Gombe a yi dama, kilomita 29 ne zuwa ƙofar gandun a Mainamaji, daga ƙofar kuma akwai wasu 40 da 'yan kai a cikin kurmi kafin a kai Wikki. Motar da ta tsaya maka a wannan tsakanin bayan magariba, ba mai faci, ba makanike, ba gidan mai. Duk mai zuwa ya cika tankinsa tun daga Bauchi.

Abu Sadik:
Ni kuwa, da izinin zaure, tushen maganar nake tuhuma, ba reshenta ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da tanki ɗaya yake ci, ga masauki, ga kuɗin shiga, ga na mai rakiya. Mutum ya bar 'ya'yansa a hannun tsohuwa, ya ƙona kuɗin da zai sayi buhun shinkafa, domin ya je ya kalli kashin giwa? Iyayenmu ba su san wani yawon buɗe ido ba, kuma aurensu ya fi namu ƙarko. Idan ana son ganin namun daji, gidan zu na Kano yana nan a bakin titi, a ɗauki yaran ma a je da su.

Malam Na Bakin Masallaci:
Ɗan'uwa Abu Sadik, ka yi magana a kan tattali, kuma tattali abu ne mai kyau, amma kada mu haramta wa mutane abin da shari'a ta buɗe. A Suratul Ankabut, aya ta 20, an umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda Allah ya fari halitta. Ya kuma tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa ya tafi da wadda ta faɗa a kanta, har ma ya yi tseren gudu da Nana A'isha a wata tafiya. Saboda haka fita da iyali ba baƙon abu ba ne da muka aro daga wasu. Sharaɗin shi ne kada a ci bashi dominta, kada a bar gida ba abinci, kada a tozarta salla. Tafiyar ma ta wuce tsawon da ake yin ƙasaru, wanda malamanmu na Malikiyya suka ƙiyasta da buridi huɗu, wato wajen kilomita 80. Game da tsayawar Ningi kuwa, Baban Hanifa, ina jin tsoron hukuncin ba zai yi maka daɗi ba. Giwa ba ta da haƙƙi a kanka, goggon matarka tana da shi.

Anti Bilki:
Allah ya saka da alheri, Malam. Abin da maza da yawa ba su gane ba shi ne, idan mace ta ratsa garin goggonta ba ta tsaya ba, labarin sai ya riga ta komawa gida, kuma ba mijin za a zaga ba, ita za a ce aure ya sa ta manta da dangi. Wannan magana za ta bi ta har bikin da za a haɗu nan da shekara uku. Sannan wace goggo ce za ta ga 'yar ɗan'uwanta da mijinta sun zo daga Kano ta bar su su tafi da ruwa kawai a cikinsu? Wanda ya sa gaisuwar minti goma a lissafinsa shi ne bai yi lissafi ba. Shi kuma Abu Sadik da yake maganar buhun shinkafa, matar da ta shekara 11 tana dafa shinkafar ba ta cancanci kwana uku da wani zai dafa ya ba ta ba?

Abu Sadik:
Anti, ban ce ba ta cancanta ba. Na ce a duba hali ne. Amma na karɓi gyaran Malam.

Tsohon Malamin Daji:
Ina yi wa kowa sallama. Na yi aikin daji har na yi ritaya, saboda haka bari in gyara abu biyu. Na farko, ɗana Baban Hanifa, Yankari ba ta cikin gandayen da gwamnatin tarayya take riƙe da su a yanzu. An keɓe dajin a 1956 zamanin Jihar Arewa, aka buɗe shi ga masu ziyara a watan Disamba na 1962, ya koma hannun tarayya a 1991, sannan aka mayar wa Jihar Bauchi da shi a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Idan gandun tarayya kake nema, mafi girma shi ne Gashaka Gumti da ya ratsa Taraba da Adamawa, inda dutsen Chappal Waddi yake, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, amma wannan tafiya ce ta wanda ya shirya, ba ta kwana uku ba.

Na biyu, kuma shi ne muhimmi, ko da ka isa Wikki da azahar kamar yadda ka tsara, ba ni da tabbacin za ka ga giwa, domin lokacin da ka zaɓa ne bai dace ba. A watan Nuwamba damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, ciyawa ta fi mutum tsayi, kuma kowane kwari da tafki yana da sauran ruwa, saboda haka dabbobi a warwatse suke. A wannan lokacin ma giwaye sukan matsa gefen daji wajen gonaki, inda dawa da masara suka nuna, wanda shi ne tushen rigimar da ake yi tsakaninsu da manoman ƙauyukan da ke kewaye. Sai rani ya kankama, daga Fabrairu zuwa Afrilu, ciyawa ta kwanta, ƙananan ruwaye sun ƙafe, sannan komai yake gangarowa kogin Gaji, wanda ba ya ƙafewa. A nan ne za ka tarar da ɓauna da gwanki da gwambaza da kanki a wuri ɗaya, dorina tana cikin ruwa, kada yana shan hantsi a bakin gaɓa. Zafi kam za ka sha shi, tsando ma zai cije ka, shi ya sa muke hana mutane sa baƙaƙen kaya da shuɗi, domin su yake bi.

Kuma kada ka raina kashin giwa. Mu da shi muke karatu. Idan ka fasa shi ka ga cikinsa da danshi, ƙudaje suna kai, to garken bai yi nisa ba. Idan ka ga ƙwallon giginya a ciki ka san inda suka yi kiwo jiya. Garken Yankari yana daga cikin mafiya girma da suka rage a ƙasar nan, kuma bayan abin da masu farautar haure suka yi musu shekara da shekaru, sun koyi gudun ƙarar mota. Zaki kuwa kada ka sa shi a lissafi, 'yan kaɗan ne suka saura, akwai ma'aikatan da sukan daɗe ba su sa shi a ido ba sai dai su ji gurnaninsa da dare.

Baban Hanifa:
Na gode, Baba, na ƙaru ƙwarai, kuma na karɓi gyara a kan sunan wurin da kuma lokacin. Amma har yanzu ina nan a kan bakana cewa zagaye huɗu ya fi biyu, kuma awa ukun da aka ɓatar a Ningi da Kafin Madaki su ne suka raba mu da kwana guda.

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum. Anti Bilki ce ta sanar da ni cewa an kai ƙarata zaure, saboda haka na nemi izinin maigida in yi bayani, ya kuma ba ni, ko da yake ina jin bai san abin da zan faɗa ba. Duk abin da Baban Hanifa ya rubuta gaskiya ne, sai dai ya tsallake wani wuri. Bayan mun bar Ningi da kamar minti ashirin tayar baya ta yi faci. Ya sauka da ƙarfin gwiwa, ya fito da jak da sifana, ya kwance tayar, ya ɗauko safaya daga but, sai ga ta lakwas, babu iska ko ta hura wuta. Sati guda kafin tafiyar na tambaye shi ko an duba ta, ya ce min in bar masa harkar mota in ji da harkar guzuri. To guzuri dai bai yi faci ba, dambun nama da gurasa da zoɓo duk sun isa lafiya.

Awa biyu da kwata muka yi a gindin wata tsamiya. Sai da wani yaro mai babur ya zo wucewa, aka ɗora masa tayoyin biyu ya kai wa mai faci a gaba, ya tarar shi ma ya tafi ɗaurin aure, aka jira shi. Ban kawo wannan don in kunyata maigida ba, sai don a sa shi a cikin lissafin, tunda lissafi ake yi.

Kuma ni ban ƙi wannan zaman ba. Na shimfiɗa zani, muka ci gurasa, wasu mata Fulani suka zo wucewa da ƙwarya muka sayi nono, ɗaya daga cikinsu ta tambaye ni ko amarya ce ni, tunda ba ta ga yara ba. A gindin tsamiyar nan ne Baban Hanifa ya ba ni labarin yadda mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ya taɓa yi masa alkawarin kai shi Yankari idan ya ci jarrabawar shiga sakandare, ya ci, amma rai bai kai ba. Shekara 11 muna tare ban taɓa jin wannan ba, domin a gida ba a gama zance, ko yaro ya yi kuka, ko a yi sallama, ko waya ta yi ƙara. A nan na gane dalilin da ya sa yake ta duban agogo, kuma da na sani tun a Kano da na rage zaman Ningi, ko da Goggo za ta yi fushi.

Gidan Kafin Madaki kuwa ba zan ba da haƙuri a kansa ba. Shi ne wanda ake danganta gininsa da Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin da ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Ƙasa ce da azara kawai, amma idan ka tsaya a tsakiyar soron ka ɗaga kai ka ga yadda bakan gizo ya tashi daga bango ya haɗu a sama, ga sanyi kamar an kunna na'ura alhali waje rana tana dukan mutum, sai ka rasa abin cewa. Wanda ya ce minti biyar ya ba ni, shi ne na ƙarshen fitowa, yana ta tambayar mai gadin yadda aka ɗaura azarar.

Direban Kano da Bauchi:
Baban Hanifa, ashe haka aka yi? Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu a tasha kafin a ɗora kaya sai an taka safaya an ji ta, an duba ruwan lagireto da baƙin mai da birki. Taya tana iya shekara a but tana sace iska a hankali ba ka sani ba. Na janye rabin yabon da na yi maka.

Baban Hanifa:
To, jama'a, an kama ni. Ban ɓoye maganar taya da gangan ba, na ɗauke ta a matsayin ƙaddara ne, su kuma tsaye-tsayen na ɗauke su a matsayin zaɓi, amma da Direba ya yi bayani na ga ita ma sakaci ce. Laifi tudu ne. Sai dai tunda uwargida ta buɗe littafi, bari ni ma in karanta shafi ɗaya. Da muka isa Wikki ma'aikata sun gargaɗe mu cewa kada a bar ƙofa ko gilashi a buɗe saboda gwaggon biri. Ina sauke jaka ta bar ƙofar mota a buɗe tana ɗaukar hoton wasu gadu da suka durƙusa a kan gwiwoyinsu suna kiwo a tsakar sansanin, sai wani ƙaton gwaggo ya shiga ya ɗauke ledar masar da muka saya a Bauchi, ya hau kan rufin ɗaki ya zauna yana ci ɗaya bayan ɗaya yana kallonmu. Ko ɗaya ban ɗanɗana ba, kuma tun daga Kano nake zancen masar Bauchi.

Maman Hanifa:
Wannan na amsa shi.

Ɗan Maraɗi:
Ina biye da ku daga Nijar, kuma abin da ya tsaya min a rai shi ne kun yi awa biyu a bakin hanya ba abin da ya dame ku sai taya. Mu a nan muna da gandun W a kudu da Yamai, muna da raƙuman dawa a Kure, kilomita 60 kacal daga babban birni, waɗanda da mutum yakan ɗauki iyalinsa da safe ya je ya gani ya dawo da yamma. Tun harin watan Agusta na 2020 da aka kashe mutum takwas a Kure, zuwa can ya zama abin da sai an yi shawara. Saboda haka shawarata ga duk mai niyya ita ce ya tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a satin da zai tafi, ba labarin bara ba, kuma ya yi tafiyarsa da rana.

Anti Bilki:
Maman Hanifa, tambayata ta mata ce. Ruwan Wikki da ake ta magana, mace mai lulluɓi tana samun damar shiga kuwa, ko kallo kawai ake yi daga nesa? Wannan ne ya hana ni matsa wa namu maigidan.

Maman Hanifa:
Anti, da yamma ban ko gwada ba, domin samari sun cika wurin. Da aka yi sallar asuba, gari ya fara haske, muka sauka ta matakalar mu biyu, babu kowa sai tsuntsaye. Ruwan daga ƙarƙashin wani jan dutse yake fitowa, garai-garai har kina ƙirga yatsun ƙafarki a kan farin yashi, kuma saboda sanyin safiya tururi yana tashi a kansa. An ce mana zafinsa 31 ne a ma'auni, dare da rana, rani da damina, ba ya canzawa. Na shiga da doguwar riga da wando da ƙaramin hijabi, na tsaya inda ya kawo min ƙugu, maigida yana zaune a kan matakala yana gadin hanya da kuma takalmanmu saboda birai. Kusan minti arba'in na yi. Ki tafi da kayan da ba sa shan ruwa da yawa, atamfa nauyi take yi.

Tsohon Malamin Daji:
'Yata ta yi dabara, wannan shi ne lokacin. Idan kun koma, ku nemi mai rakiya ya kai ku kogunan Marshall, ɗakuna ne da mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, da wuraren da aka yi narkar da tama tun kafin a san za a keɓe dajin. Waɗannan ba sa gudun ƙarar mota. Fitar safe kuma ta fi ta yamma, a fita kafin rana ta yi zafi, a rage surutu a cikin mota.

Baban Hanifa:
Baba, mun sa ranar komawa a watan Maris idan Allah ya kai mu, wannan karon da yara, domin Hanifa ta ga hoton gwaggon da masa a hannu ta ce sai ta je ta gan shi. Na sayi famfon taya na ajiye a but. Direba, idan na tashi ƙarfe 6 daidai, ba tsayawa ko'ina sai shan mai a Bauchi, zan riski fitar yamma?

Direban Kano da Bauchi:
Za ka riske ta, idan ba Juma'a ba ce, kuma idan ba tsayawar.

Maman Hanifa:
Direba, a sake lissafin. Goggo ta yi waya shekaranjiya, ta ce ta ji za a zo da yara, kuma ta riga ta sa an gyara ɗaki, domin a wannan karon a Ningi za a kwana.